Babi na Shida: Daga Hannun Uwa Zuwa Hannun Yaro

Duk uwar da ta yi renon jariri mai ɗauke da ƙwayar cutar HIV shekara goma da suka wuce ba za ta manta da kwalbar lofinabir ba. Maganin ruwa ne, a zuƙo shi da sirinji a ɗura wa yaro safe da yamma. Ɗacinsa ya wuce misali, kusan kashi 42 cikin ɗari na abin da ke cikin kwalbar alkohol ne da aka narkar da maganin a ciki, ga shi kuma yana son sanyin firij a garuruwan da wuta kan yi kwana da kwanaki ba ta leƙo ba. Yaro ya tofar, uwa ta sake ɗurawa, ya yi amai, ta rasa ko ta ƙara masa ko ta haƙura. Wasu yaran da sun hango sirinjin sai su datse haƙora su fara shure-shure. Haka ake yi sau biyu a kowace rana ta Allah, babu Juma'a babu Sallah.

A ƙarshen 2020 aka samu sauƙin da aka daɗe ana jira. Hukumar Unitaid da gidauniyar lafiya ta Clinton suka sanar da wata 'yar ƙwaya ta maganin dolutegirabir, wanda ma'aikatan asibiti ke taƙaitawa da DTG, da aka yi musamman don ƙananan yara. Miligiram goma ce, tana narkewa a ɗan ruwa kaɗan, tana da zaƙi-zaƙi, ba ruwanta da firij, kuma sau ɗaya ake sha a rana. Ana iya fara ta tun jariri yana da mako huɗu in ya kai kilo uku. Kuɗinta ya kama kimanin dala 36 a shekara ga yaro ɗaya, kuma Najeriya na cikin ƙasashen farko da suka karɓe ta a 2021. A watan Disambar 2021 aka buga sakamakon babban binciken ODYSSEY, wanda ya bi yara da matasa sama da 700, akasarinsu a Afirka. Bayan mako 96, magani ya gaza a jikin kashi 14 cikin ɗari na masu shan DTG, alhali a ɓangaren masu shan tsofaffin magunguna kashi 22 ne.

Duk da wannan, yara na baya. Alƙaluman hukumar UNAIDS na 2023 sun nuna cewa yara 'yan ƙasa da shekara 15 kimanin miliyan 1.4 ne ke ɗauke da cutar a duniya, kuma kashi 57 cikin ɗari ne kawai suke kan magani, a lokacin da manya suka kai kashi 77. A Najeriya, babban binciken ƙasa na 2018 ya gano cewa kusan yaro biyu cikin kowane dubu na ɗauke da ita. Ko a cikin waɗanda aka gano aka ɗora kan magani, yara da matasa ne suka fi wahalar danne cutar a jininsu.

An cire ɗaci daga cikin maganin, amma sauran abubuwan da ke hana yaro sha suna cikin gida da makaranta da zuciyarsa. Babban mutum shi ne majinyaci, shi ne kuma mai kula da kansa. Yaro kuwa maganinsa a hannun wani yake farawa, kuma dole wata rana ya koma nasa hannun. Yara da yawa a wajen wannan miƙawar ake rasa su.

Me ya sa ba a tsallake rana

Mutane sun saba da maganin da ke da ƙarshe. Na zazzaɓin cizon sauro kwana uku ne, na tarin fuka wata shida. Na HIV ba ya kashe ƙwayar cutar baki ɗaya, hana ta hayayyafa yake yi. Tana nan ɓoye a wasu ƙwayoyin garkuwar jiki, kuma cikin 'yan makonni da daina shan magani take sake cika jini.

A jikin da babu magani, ƙwayar na buga biliyoyin kwafinta a kowace rana, kuma ba ta iya kwafi ba, kullum sai ta yi kuskure. Cikin waɗannan kurakurai ake samun wanda ke ba ta ikon bijire wa magani. Idan ana sha kullum, hayayyafar ta tsaya, babu damar yin kuskuren. Idan kuwa yau an sha gobe an fasa, maganin da ke cikin jini ba ya isa ya tsayar da ita, sai dai ya share masu rauni ya bar wa masu taurin kai fili. Manomin da ya taɓa yin feshi da rabin ma'auni ya san wannan: ƙwarin da suka tsira su ne ke cika gona, kuma maganin jiya ba ya ƙara kama su. Tsofaffin magunguna irin su nebirafin da efabirenz sauyi ɗaya tak a jikin ƙwayar ya isa ya lalata su. DTG ya fi su ƙarfin hali nesa ba kusa ba, amma shi ma ana iya cin galabarsa idan aka daɗe ana wasa.

Lissafin yaro kuma daban yake da na babba. Wanda ya fara magani yana shekara arba'in yana neman ya kai shi shekara talatin ko arba'in nan gaba. Jaririn da ya fara yana wata biyu yana neman shekara sittin ko saba'in, ga shi jerin magungunan da za a sauya masa ba su da yawa. Kowane wanda aka lalata yana yaro, an rage masa zaɓi a girmansa. A ƙuruciya kuma cutar ba ta jira. Idan babu magani, kusan kashi ɗaya cikin uku na jariran da suka kamu suna rasuwa kafin su cika shekara, rabi kafin shekara biyu. Binciken da aka yi a Soweto da Cape Town, aka buga a 2008, ya nuna cewa fara magani tun kafin jariri ya cika mako 12 ya rage mace-mace da kashi 76 cikin ɗari.

Shekarun hannun uwa

A shekarun farko tambayar ɗaya ce: wa ke ba da maganin, kuma wa ke bayarwa ranar da ba ta nan? Uwa kan yi tafiya, ta kwanta ciwo, ta haihu ta tafi wankan gida, ko aure ya mutu ta bar yaro a gidan ubansa. Wani yaron maraya ne, yau yana wajen kaka, baɗi gwaggo ta karɓi riƙo. Idan mutum ɗaya kaɗai ya san sirrin, ranar da ya gusa maganin ya tsaya, ba don mugunta ba sai don wanda ya karɓi yaron bai san akwai wani abu da ake ba shi ba. Shi ya sa ma'aikatan asibiti ke nacewa a kawo mutum na biyu, amintacce, a koya masa komai kamar yadda aka koya wa uwa. Samun wannan mutum a gidan da ke da kishiyoyi da faccaloli ba ƙaramin aiki ba ne. Akwai matan da ko mijinsu bai sani ba, suna ɓoye kwalba a ƙasan adaka, sai ido ya ɗauke su ba yaro. Irin wannan uwa abin da take bukata shi ne a taimaka mata ta faɗa wa mutum ɗaya cikin aminci, kuma a nan ne matan da suka riga ta shiga wannan hali, waɗanda asibitoci ke ɗauka su zama masu ba 'yan'uwansu shawara, suka fi kowa amfani.

Abu na biyu shi ne sikeli. Maganin yara da nauyi yake tafiya. Jariri mai kilo uku zuwa ƙasa da shida rabin ƙwayar DTG ta yara yake sha, daga kilo shida ɗaya da rabi, daga kilo goma biyu, daga kilo goma sha huɗu biyu da rabi. In ya kai kilo ashirin sai a koma ƙwayar manya mai miligiram hamsin, in ya kai talatin ya shiga ƙwaya ɗaya mai haɗin magani uku da ake kira TLD. Saboda haka uwar da ba ta taɓa fashin rana ba tana iya wayar gari yaronta na shan abin da bai ishe shi ba, don kawai ta riƙa aika wani ya karɓo magani ba a ɗora yaron a sikeli ba. Daga 2023 an samu wata ƙwayar mai narkewa da ta haɗa magunguna ukun da ƙananan yara ke sha wuri guda, wadda ta rage wa iyaye ƙirge-ƙirge, amma ita ma da nauyi ake auna ta.

Na uku shi ne lokaci. Ƙararrawar waya na da amfani, sai dai waya kan mutu, kan kuma kasance a aljihun maigida yana kasuwa. Abin da ya fi ɗorewa shi ne a ɗaura maganin a jikin abin da ba ya tashi a gidan: bayan sallar asuba, kafin kokon safe, ko bayan isha'i kafin shimfiɗa. Idan an manta, a ba da shi da zarar an tuna, sai fa in lokacin na gaba ya matso, kuma ba a haɗa biyu don ramuwa. Idan yaro ya yi amai cikin rabin sa'a da sha, shawarar da aka saba bayarwa ita ce a sake ba shi.

Akwai kuma abubuwan da kan rage ƙarfin DTG ba tare da an sani ba. Maganin ƙarin jini mai sinadarin ƙarfe, da na ƙarfin ƙashi, da na ƙwannafi, suna kama shi a ciki su hana jiki zuƙa. Ko dai a ba da DTG sa'a biyu kafin su, ko sa'a shida bayansu. Yaron da ke shan rifamfisin saboda tarin fuka kuwa sai an mayar masa da DTG sau biyu a rana. Wannan ya sa duk abin da za a sayo a kemis, da duk jiƙon da kaka za ta kawo, ya kamata likitan yaro ya ji labarinsa.

Sauran matsalar ta kuɗin mota ce da yinin da ake ɓatawa a layi. Magani kyauta ne, zuwa karɓarsa ba kyauta ba ne. Inda aka haɗa wa uwa da ɗa rana ɗaya, aka kuma ba yaron da ya daidaita maganin wata uku a tafi ɗaya, an rage musu rabin wahalar.

Ranar da za a faɗa masa

Wajen shekara shida ko bakwai yaro zai fara tambayar da kowace uwa ke tsoro: «Umma, sai yaushe zan daina shan wannan maganin? Me ya sa su Yaya ba sa sha?» Amsoshin da aka fi bayarwa sanannu ne a kowane asibiti. A ce maganin sikila ne, ko na asma, ko na ƙarin jini. Ƙaryar kan yi aiki na ɗan lokaci, sannan ta juyo ta zama dalilin daina sha. Yaron da aka ce masa maganin tari ne, ranar da ya ga ba ya tari zai ga babu dalilin haɗiya. In ya iya karatu kuma, allon da ke bangon asibiti zai gaya masa, ko ya rubuta sunan da ke jikin kwalba a Google, ko wani ɗan'uba ya jefe shi da maganar a tsakiyar faɗa. Wanda ya ji ta wannan hanya abu biyu ke faɗo masa lokaci guda: yana da cutar, kuma duk waɗanda ya yarda da su sun yi shekaru suna yi masa ƙarya. Matasa da dama a nan suke fara zubar da magani, don huce haushi.

Tsoron iyaye ba na banza ba ne. Uwa ta san cewa bayan «me nake da shi» sai «a ina na samo», kuma amsar ta taɓa ta, ta taɓa uban yaro, wataƙila ma wanda ya riga mu gidan gaskiya. Tana tsoron ya tsane ta, ko ya karaya, ko ya fita ya faɗa wa abokan wasa gari ya ɗauka. Amma abin da bincike a ƙasashen Afirka daban-daban ya yi ta nunawa shi ne, yaran da aka faɗa musu cikin tsari sun fi riƙe magani, kuma baƙin cikin kwanakin farko kan lafa. A 2011 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da jagora a kan wannan batu kaɗai. Ta ce yaran da suka kai shekarun makaranta a sanar da su halin da suke ciki, ƙanana kuma a riƙa ba su bayani kaɗan-kaɗan daidai hankalinsu, yadda yaro ba zai wuce shekara 12 bai san sunan cutarsa ba.

Masu ba da shawara ba sa yin abin a zama ɗaya. Ɗan shekara biyar ko shida akan ce masa jikinsa na da sojoji masu tsaronsa, akwai wata ƙwayar cuta da ke raunana su, maganin kuma shi ke sa ta barci sojojin su yi ƙarfi. Babu sunan cuta a ciki, babu kuma ƙarya ko ɗaya, don haka duk abin da za a ƙara daga baya a kan wannan za a ɗora. Wajen shekara takwas zuwa goma sai a ƙara bayanin jini da gwaje-gwaje. Sannan a zo ga sunan, a ranar da yaro ke cikin ƙoshin lafiya, ba yana kwance a gadon asibiti ko ana tsakiyar jarrabawa ba, daga bakin wanda ya fi yarda da shi, ma'aikacin lafiya na kusa.

Abubuwa uku ne yaro ke bukatar ya ji a wannan rana: ba laifinsa ba ne kuma ba laifin kowa ba ne, mai shan magani yana girma ya yi karatu ya yi aure ya haifi 'ya'ya lafiyayyu, kuma ga mutane biyu ko uku da zai iya yi wa maganar duk lokacin da ya so. Bayan kwana biyu, bayan mako, bayan wata, sai a sake komawa kan zancen, domin tambayoyin gaske ba a ranar farko suke fitowa ba.

Makarantar kwana, azumi da balaga

A 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi kururuwa cewa tsakanin 2005 da 2012 mace-macen ƙanjamau sun ragu a duniya, amma a tsakanin matasa 'yan shekara 10 zuwa 19 ƙaruwa suka yi. Jariran da aka ceto sun girma, kuma an iske babu wani tsari da aka tanadar musu: sun fi ƙarfin ɗakin yara, ba su kai na manya ba.

A ɗauki yarinya 'yar shekara goma sha uku da aka kai makarantar kwana. Dokar makarantu da yawa ta hana ɗalibi ajiye magani a akwati. In ta kai wa matiron, sai ta riƙa zuwa karɓa kullum ƙawaye na kallo. In ta ɓoye, ranar binciken kaya asiri ya tonu, ga ƙarar ƙwayoyi a kwalba da ke tashin kunnen maƙwabciyar gado. Sai ta zaɓi ranar da ido ya yi yawa ta fasa. Zangon karatu kuma kan fi maganin da aka ba ta tsawo. Gyaran wannan ba ya bukatar kuɗi mai yawa: babba ɗaya a makarantar wanda iyaye da ita yarinyar suka amince ya sani, magani da zai kai ta har hutu, da ranar ganin likita da aka tsara ta faɗo cikin hutu. Haka yaron da za a tura tsangaya a wani gari, ko saurayin da zai tafi ci-rani, bai kamata ya bar gida ba sai da takardar sauya asibiti zuwa mafi kusa da inda zai zauna.

Tsoron makaranta tsoho ne. A 1997 wasu iyaye a Johannesburg suka tashi tsaye don hana a ɗauki Nkosi Johnson a firamare saboda yana ɗauke da cutar. Shi ne yaron da ya tsaya yana shekara 11 ya yi wa taron ƙanjamau na duniya jawabi a Durban a 2000, ya rasu a watan Yunin 2001. A Najeriya dokar hana tsangwamar masu cutar ta 2014 ta haramta korar ɗalibi ko hana shi gurbi saboda HIV. Iyaye da shugabannin makarantu da yawa ba su san da ita ba, kuma sanin ta na ƙara wa uwa ƙarfin gwiwar buɗe baki.

Azumi ma kan zo da tasa tambayar, musamman ga matashin da ba ya son a ga ya bambanta da sa'o'insa. Wani bincike da likitoci suka yi a Kano, aka buga a 2009, ya gano cewa manyan da ke kan magani suka yi azumin Ramadan sun sauya lokutan sha ne kawai, riƙon maganinsu bai ragu ba. Yanzu da yawanci ƙwaya ɗaya ce a rana abin ya ƙara sauƙi, a mayar da ita sahur ko bayan buɗa-baki, a tsaya a kan ɗaya har wata ya ƙare. Wanda jikinsa bai yi ƙwari ba, ko yake shan magani sau biyu, ya fara tuntuɓar likita, kuma addini ya riga ya yi wa marar lafiya rangwame. Addu'a da tofi ba su taɓa hana magani aiki ba. Haɗarin yana wajen mai cewa an warke a ajiye kwalba. A 2007 shugaban Gambiya na lokacin, Yahya Jammeh, ya yi iƙirarin yana warkar da cutar, aka sa majinyata suka daina magani suka koma jiƙe-jiƙensa, kuma daga baya hukumar binciken gaskiya ta ƙasar ta saurari shaidu kan waɗanda suka rasu a dalilin haka.

Sai kuma abin da ba a gani. Matashin da ya sha magani tun bai san kansa ba kan gaji. Yana jin lafiyarsa lau, ƙwayar ce kaɗai ke tuna masa kullum cewa shi daban ne. Wani na fama da maraici, wata na tunanin wa zai aure ta, musamman yanzu da gwajin kafin aure ya zama ruwan dare, har Jihar Kano ta mayar da shi doka a 2024. A nan akwai labarin da ya kamata kowane matashi ya ji da wuri: manyan bincike sun tabbatar da cewa wanda magani ya danne ƙwayar har gwaji ba ya ganinta a jini ba ya sa wa abokin aurensa ita. Ga saurayi ko budurwa, wannan dalili ya fi duk wata barazanar mutuwa tasiri.

Abin da sa'a ke iya yi wa sa'a

Maganar da matashi ba zai yi wa uwarsa ko likita ba, zai yi wa wanda ya girme shi da shekara uku kuma yake shan irin ƙwayarsa. A Harare ta Zimbabwe, shirin Zvandiri da ya faro a 2004 ya gina aikinsa kan wannan. Ana horar da matasa 'yan shekara 18 zuwa 24 masu ɗauke da cutar, su riƙa bin ƙannensu da ziyara gida, da saƙon waya, da zama tare a asibiti, ana kuma haɗa masu riƙon yaran a nasu taron. An gwada tsarin a asibitoci 16 na gundumomin Bindura da Shamva, aka buga sakamakon a 2020. Bayan mako 96, yawan waɗanda magani ya gaza a jikinsu ko suka rasu ya yi ƙasa da kashi 42 cikin ɗari a inda ake shirin, in aka kwatanta da inda ba a yi.

A Kenya kuma, a babban asibitin Kenyatta da ke Nairobi, aka fara shirin OTZ a 2016. Matasa da kansu ke ɗaukar alkawari uku: ba fashin zuwa asibiti, ba fashin magani, ba ƙwayar cuta a gwajin jini. Najeriya ta ɗauki tsarin, kuma asibitoci da dama na da ƙungiyoyinsa, inda akan ware wa matasa rana tasu, galibi Asabar don kada a taɓa karatu. Ga yaron da ya yi shekaru yana zaton shi kaɗai ne a duniya, shiga ɗaki ya tarar da sa'o'insa talatin suna raha ya fi nasiha ɗari.

Irin waɗannan ayyuka su ne suka fi saurin karyewa in kuɗi ya yanke. Da gwamnatin Amurka ta dakatar da tallafin ƙasashen waje a Janairun 2025, har da shirin PEPFAR da tun 2003 yake ɗauke da kaso mai tsoka na maganin a Afirka, an sassauta wa magunguna daga baya, amma a ƙasashe da dama masu bin gida-gida da ƙungiyoyin matasa sun tsaya cak. Gwamnatocin jihohi da masu hannu da shuni da ke neman inda taimakonsu zai yi tasiri, ga wuri nan da kuɗi kaɗan ke yin aiki mai yawa.

In gwaji ya dawo da hauhawa

Alƙalin gaskiya shi ne gwajin yawan ƙwayar cuta a jini. Ƙirga sauran ƙwayoyi a kwalba ba ya wadatarwa, domin matasa sun iya zubar da rarar kafin ranar asibiti. Idan sakamako ya haura kwafi 1,000 a kowane mililita, ƙa'ida ita ce a yi zaman shawara na musamman har kimanin wata uku, a sake gwaji, sannan a duba ko akwai bukatar sauya magani. Da yawa kan dawo daidai ba tare da an sauya komai ba.

Yadda aka buɗe wannan zama shi ke yanke hukuncinsa. «Kana shan maganinka kuwa?» amsarta ɗaya ce, kuma kowa ya san ta. Ma'aikaciyar da ta ce «Kowa kan manta wani lokaci, ƙanena. A makon nan kwana nawa ya kuɓuce maka, me ya faru a ranakun?» ita ke jin labarin matiron, ko na yunwar safe, ko na jiri, ko na budurwa. Kowanne da maganinsa daban. Yaron da aka yi wa tsawa a gaban uwarsa kuwa darasi ɗaya yake koya, wato ya ƙara iya ɓoyewa. A gida ma haka ne. Ba a sakar wa ɗan shekara goma sha biyu kwalba rana ɗaya a ce ai ya girma. Da farko ya ɗauko da kansa ana kallo, daga baya ya sha ya faɗa, sannan a koma leƙawa jefi-jefi, kuma in jarrabawa ko rasuwa ko tafiya ta girgiza shi a dawo kusa ba tare da gori ba.

Akwai sauƙi a gaba. Allurar kabotegirabir da rilfibirin, wadda ake yi duk wata biyu maimakon ƙwayar kullum, ta samu amincewa a Amurka ga matasa daga shekara 12 a 2022, an kuma gwada ta a Kenya da Yuganda da Afirka ta Kudu. Sai dai ba ta wadata a asibitocinmu ba tukuna, kuma akasari wanda ya riga ya danne cutar da ƙwaya ake mayarwa kanta.

Mataki na ƙarshe shi ne barin ɗakin matasa zuwa na manya, inda layi ya fi tsawo kuma babu mai kiran mutum da sunan gida. Kafin a sallame shi, saurayi ko budurwa ya kamata ya iya faɗin sunan maganinsa da ma'auninsa, ya san sakamakon gwajinsa na ƙarshe da ma'anarsa, ya iya karɓo magani shi kaɗai, ya kuma san wanda zai kira in kwalba ta ƙare yana wani gari. Asibitocin da suka ɗauki abin da muhimmanci sukan raka shi zuwan farko, su ci gaba da bibiya na wasu watanni. 'Yan matan da suka tsallake wannan mataki, da yawansu nan da 'yan shekaru za su dawo asibitin da katin awon ciki a hannu, kuma su babi na gaba zai bi.